Wanzamin Da Ya Shanye Takardar Kakan Ɗan Caina

Bismillahi. Allah Ya ƙara wa Annabi daraja, Ya sa abin da zan faɗa kada ya zama giba. Ba ma giba ba ce, tunda a gaban idonsa na ce zan sa a rubuta, ya ce in rubuta ɗin mana, ai ban iya ba. To ga Mardiya autata, ita ta iya. Rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki.

Ni ce Zulaihatu, mutuniyar Zariya. Labarin Malam Abakar Maikano wanzami zan bayar, na nan Ardil-Liwa a Alƙahira. Dalili, ya tsiri wata ɗabi'a: duk baƙon da ya zo sai ya shafa tumbi ya ce masa shi ya yi karatun likitancin Caina, ilimin yana nan ciki. Maganar ciki gaskiya ce. Amma ta ƙwaryata ilimin ya bi ya shiga, don haka a bakina ya kamata a ji.

Shi Bakano ne, ni Bazazzagiya, akwai wasa tsakaninmu tun kakanni, kar wani ya ji ina yaɓa masa magana ya ce ban ga furfura ba. Ubansa wanzami, kakansa wanzami. Amma uban ya ci buri ɗansa ya bar aska ya kama littafi, ya yi ta bin manya har aka samo masa gurbin karatu a Azhar, shekara talatin da wani abu ke nan. Nahawu ya kayar da shi shekarar farko. Ya tashi, ya sake kayar da shi. A ta uku, shi da bakinsa ya gaya mini, ko kokawar ba a yi ba, yana ganin takardar jarrabawa ya kwanta da kansa. Ranar da ya zauna yana zazzage akwati yana tunanin da wane ido zai kalli Kano, sai ya tarar da zabira a can ƙasa, an naɗe ta cikin tsohon bargo. Aska huɗu, ƙaho shida, da dutsen washi. Ashe tsohon ya san ɗansa.

Bai koma gida ba. Ya fara da kawunan ɗalibai 'yan uwansa, daga nan sai ƙaho, daga nan sai askin suna. Ya auri Fatu, Bahaushiyar Sudan, suka haifi mata biyu, duk suna aure a can garin Madani na Sudan. Fatu ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Namiji babu, don haka babu mai gadon zabira. Amma suna kam ya yi. Duk jaririn Bahaushe da aka haifa a garin nan, daga Ma'adi har Abbasiya, askarsa ce ta fara taɓa kansa. Ma'aikatan ofishin jakadanci da ke zaune a unguwar Muhandisin mota suke aiko masa. Sai ya ƙi shiga da wuri, ya tsaya gaisawa da mai gurasa, don kowa a layin ya ga motar.

Ni na zo shekarar dubu biyu da sha uku, lokacin da ake ta ɗauke wuta. Mardiya na da cikin fari, ya kamata ta zo gida goyon ciki, amma hanya ta yi nisa, mijinta Malam Sagiru kuma yana tsakiyar karatu, sai ni aka ɗauko. Muna hawa na biyar, Malam Abakar yana ƙasa, jikin ɗakin mai gadin benen.

Wata ranar la'asar na sauko shan iska na same shi a bakin ƙofa da shayi. Shayin Masar a kofin gilas ake sha, a ɗora a kan ɗan faranti. Sai na ji kofin yana ta kaɗa faranti, kar-kar-kar, kamar ana kiran kaji.

Na ce, "Malam Abakar, sanyi kake ji a wannan zafin?"

Ya ce, "Shayin ne da zafi, Hajiya."

"To ajiye shi ka miƙo hannun in gani."

Ya cusa hannun a aljihun jallabiya. "Ku Zage-zagi ba ku da sana'a sai sa ido."

"Ku kuma Kanawa ko hannu ya gutsure cewa za ku yi da sauran ciniki. Fito da shi."

Ya duba hagu, ya duba dama, ya fito da shi. Hannun dama ne, rawa yake yi shi kaɗai ba kiɗa. Ya ce wata huɗu ke nan. Ya ce a sunan da ya yi na ƙarshe ya ɗan yanki kunnen jaririn, ya ɗora wa yaron laifi, wai ya cika motsi. Jaririn kwana bakwai!

Na ce masa, "Saura wata biyu 'yata ta sauka. Ko ka warke kafin nan, ko ka gaya wa mutane da bakinka. In ka hau benen nan da aska da wannan hannu, wallahi ni zan faɗa, a gaban maza."

Ya mayar da hannun aljihu. Can ya ce, "Hajiya, in na ajiye aska, ni wane ne a garin nan? Ɗalibin da ya faɗi ne kawai, ya tsufa."

Na ji tausayinsa. Amma ban janye maganata ba.

Ya shiga neman magani a ɓoye. Habbatus sauda, zuma, man zaitun har jallabiyarsa tana sheƙi. Ya kafa wa kansa ƙaho a kafaɗa yana leƙen madubi, ya kusa karya wuya. Hannu na nan yana rawarsa. Da na ga abin ya ƙi, na nemi izininsa na gaya wa surukina. Shi ne ya ce akwai abokin karatunsa ɗan Caina, Malam Hussaini, Musulmi ne ɗan Musulmi, kakansa mai magani ne a garinsu, shi ma ya ɗan tsinci wani abu.

Ni da ban san da Musulmi a Caina ba. Sai ga mutum ya yi sallama cikakkiya, magidanci, zai yi arba'in, da farar hula da tabarau, ya ƙi zama sai da na zauna. Na ce wannan an yi masa tarbiyya. Da Larabcin littafi yake magana, Malam Abakar kuma na kasuwa ya iya, saboda haka surukina ya zauna a tsakiya yana juya mana da Hausa.

Malam Hussaini ya kama wuyan hannun Malam Abakar, ya ɗora yatsu uku, ya rufe ido. Ya daɗe har na ɗauka barci ya sace shi. Ya koma ɗayan hannun. Ya ce ya fito da harshe. Malam Abakar ya ce shi a gaban Bazazzagiya ba zai fito da harshe ba, sai da na juya baya.

Ya ce mana a wurinsu jijiya magana take yi, kowane yatsa da abin da yake saurare. Ya ce littattafan da suka koyar da haka sun haura shekara dubu biyu, tun kafin Annabi Isa, alaihis salam. Na farko-farko ma ba a takarda aka yi su ba, a kan tsagin gora aka rubuta, a jera a ɗaure da zare a naɗe kamar asabari. Wani a ciki sarki ne yake tambaya, likitansa yana amsawa: me ya sa mutanen da suke daɗewa, me ya sa gashi yake fari. Na ce wannan sarki ba shi da talakawa masu kawo ƙara ke nan. Ya ce a littattafan an ce jikin mutum yana da hanyoyi kamar magudanar ruwa a lambu, in wata ta toshe sai a soka siririyar allura a buɗe ta. Ɗalibi yakan kwafi littafin malaminsa da hannu, ya ƙara abin da ya gani a gefe, na bayansa ma ya ƙara. Surukina ya ce ai mu ma haka littattafan zaure suke.

Malam Abakar duk bai kula ba, sai da aka zo kan ƙaho. Malam Hussaini ya hango bakin ƙaho a zabira ya ce a ba shi ya gani. Ya juya shi, ya yi murmushi, ya ce tsofaffin littattafansu sun ambaci wannan, da ƙahon dabba su ma suka fara, daga baya suka koma gora, daga baya gilas.

Malam Abakar ya miƙe zaune. "Ƙaho? A Caina? Malam Sagiru, tambaye shi wa ya kai musu."

"Ya ce shekara fiye da dubu ke nan, Baba."

"To ai shi ke nan. Wani Bakano ne ya je fatauci ya manta zabirarsa."

Na ce, "Bakano ya manta kaya? Sai dai in sayar musu ya yi, ya haɗa da fasasshe."

Bayan kwana biyu Malam Hussaini ya dawo da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Littafin kakansa ne, ganye-ganye kamar namu, ba a ɗinke ba. Ya zaro ganye ɗaya. Takarda shara-shara, ta yi launin ƙasa, rubutu baƙi ƙirin daga sama yana gangarowa ƙasa kamar sawun kaza, a can bisa kuma Bismillah da Larabci, wannan ko ni na gane ta. Ya ce haɗin maganin rawar hannu ne, kakan ya kwafo daga malaminsa. Amma rubutun tsofaffin masu magani a murɗe yake, shi bai iya karanta duka ba. Akwai wata tsohuwa 'yar garinsu mai gidan taliya a Abbasiya, ita ta iya, kuma 'yan uwanta suna kawo saiwoyi daga can. Shi jarrabawa ta tsare shi, Malam Abakar ya kai mata da kansa ya dawo da takardar. Ya miƙa masa da hannu biyu, har da sunkuyawa.

Washegari da hantsi, maza sun fita, Mardiya tana kwance, sai ga Malam Abakar yana haki, ya hau hawa biyar.

"Hajiya, ara mini ƙwaryar nan taki."

Ina da ƙwarya da na taho da ita daga gida, a ciki nake wanke rubutu in an ba Mardiya. Na ce, "Shi ya ce ka wanke?"

Ya ce, "Sai ya faɗa? Ke duba. Tawada ce. Ga Bismillah. Hannun dattijo ne Musulmi, ya riga mu gidan gaskiya. An naɗo a farin ƙyalle, an ba ni da hannu biyu. In bar wannan in je in sha saiwar gidan taliya? Yaron nan ɗan zamani ne, bai san abin da ya gada ba."

"Ai cewa ya yi ka dawo masa da ita."

"Zan dawo masa da ita mana. In an wanke allo, allon yana tafiya wani wuri ne? A shanya ta bushe, ya sake rubutawa."

"Shi da ya ce bai iya karantawa ba?"

"Sama-sama za mu wanke. Sawun zai rage."

Astagfirullah, a nan ne nawa laifin. Maganar ta shiga kunnena. Ni tun tasowata ban taɓa ganin an ba mara lafiya tawada an ce ya kai wa mai abinci ba. Na ɗauko ƙwarya, na zuba ruwa, na yi Bismillah.

Tawadar Caina ba ta san mu ba. Tamu tana jin ruwa take saki. Wannan muka zuba, muka shafa, ko gezau. Malam Abakar ya ce in ƙara ruwa. Na ƙara. Ya sa yatsa ya murza, da hannun nan mai rawa. Rubutu bai fita ba, takardar ce ta fita. Kafin mu ce wani abu ta narke ta zama kamar kamu, baƙaƙen sawun kaza suna yawo a ciki.

Muka tsaya muna kallon ƙwarya. Na ce, "Innalillahi." Ya ce, "To yanzu zubarwa za a yi? Da Bismillah a ciki?" Ya ɗaga ƙwarya ya kafa kai. Har ya ɗauraye ya ƙara.

Kwana uku yana leƙo hannunsa kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Ba abin da ya sauya sai cikinsa da ya ɗaure.

Rana ta huɗu Malam Hussaini ya gama jarrabawa ya zo, aka taru a falonmu. Ya tambayi abin da tsohuwa ta ce. Muka kalli juna. Ya tambayi takarda. Malam Abakar ya ɗora hannu a tumbi. Surukina da ya ji bayani ya ce shi wallahi ba zai fassara wannan ba. Na ce fassara, kuma ka ce ƙwaryar tawa ce, ruwan ma ni na zuba.

Malam Hussaini ya cire tabarau ya riƙe. Sannan ya ce akwai lokacin da aka yi ta ƙona tsofaffin abubuwa a ƙasarsu, kakansa ya huda bangon garken tumaki ya cusa littafin ya yaɓe da laka, sai bayan shekara goma ya fito da shi. Ya ce wuta ba ta ci shi ba, ɓera bai ci ba, ya haye teku lafiya. Bai ƙarasa ba, ya dubi tumbin Malam Abakar.

Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige. Malam Abakar kuwa, mai bakin nan, hawaye ne suke bin gemunsa.

Can Malam Hussaini ya ce, "Ya yi aiki?"

Malam Abakar ya ɗaga hannu. Yana ta rawarsa.

Sai Malam Hussaini, bawan Allah, ya kama dariya, yana yi yana share ido, har yau ban san wanne ya fi yawa ba, dariyar ko kukan. Ya ce layi ɗaya ya iya karantawa a takardar, na can gefe, inda kakan ya rubuta cewa ya ba mutum uku, ɗaya ne ya ji sauƙi. Ya ce kakansa ba ya ƙarya, shi ma ba zai yi ba: wannan rawa ta fi ƙarfin abin da ya sani, gobe shi da kansa zai raka shi asibiti. Mutumin da aka shanye wa gado! Ya zo da safe ya sa shi a tuk-tuk, keken nan mai ƙafa uku, suka tafi.

Likita ya ce ciwon jijiya ne na manyanta, ƙwaya za ta rage shi, amma aska kam khalas, an gama.

Kwana uku Malam Abakar bai fito ƙofa ba. Ina aika masa kunu ana dawo da shi. Rana ta huɗu sai ga shi ya hau da zabira a kafaɗa, ya ce a kira masa ɗan Caina.

Da ya zo, Malam Abakar ya shimfiɗa zabira a gabansa ya ce, "Malam Sagiru, gaya masa na ci na kakansa, ba ni da yadda zan amayo shi. Zan ba shi na kakana. Namu ba a takarda yake ba, balle wani wawa ya wanke."

Malam Hussaini ya ce shi ɗalibin fiƙihu ne. Malam Abakar ya ce shi ma da haka ya fara.

Sati biyar suka yi. Da kankana aka fara, a shafa mata sabulu a bi ta da aska, in ta yi rauni a yanka a sha. Mun sha kankana a benen nan har mai gadi ya fara gudunmu. Daga nan aka koma kan mai gadin. Daga nan ɗalibai. Surukina ya yi sati yana sa hula har cikin ɗaki, ban tambaya ba, kunya ta hana. Malam Abakar yana tsaye a kansa yana tsawa: "Kwantar da askar! Kai ba rago kake fiɗa ba! Yalla, sake!" Ashe yatsun da suka saba sauraren jijiya ba su da gaggawa. Ni ina leƙe ina gani.

Mardiya ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna aka yanka rago a saman bene, aka raɗa masa Abdulbasit. Falo ya cika da maza, har mutanen Muhandisin. Ina bakin ƙofar ɗaki da jariri a hannu, na riga na shirya maganata ko da Bakano zai sauya ra'ayi, don ban gama yarda da shi ba.

Ya shigo da babbar riga, Malam Hussaini a bayansa ɗauke da zabira. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hannun dama sama, ya bar shi yana rawa kowa yana gani.

Ya ce, "Jama'a, ku kalla da kyau, ba gaisuwa nake yi ba. Allah da Ya ba ni, Ya karɓi abinSa. Malam Hamad, kunnen ɗanka ni na yanka, yaron bai motsa ba, ka yafe mini. Daga yau ga mai askarku."

Wani daga baya ya ce, "Ɗan Caina, Baba?"

"Kai da ka zo garin nan da ƙwarƙwata na raba ka da ita, yau kai ne mai zaɓen wanzami? Waɗannan suna kafa ƙaho tun kakanka bai san wando ba. A littafi yake. Ni na san littafin ciki da waje."

Na ce daga bakin ƙofa, "Ciki dai."

Ya dube ni. Na dubi Malam Hussaini, ya wanke hannu ya yi Bismillah yana jira. Na miƙa masa jikana.

Malam Hussaini ya kama aski. Malam Abakar ya durƙusa a gefe, ya danne hannunsa a ƙarƙashin cinya, yana faɗin inda za a bi a hankali, musamman maɗiga. Da aka miƙo mini yaro na kai shi bakin taga na duba kan nan sau uku, har bayan kunne. Ko ɗigon jini. Kai sumul kamar ƙwai.

Yau shekara biyu ke nan. In mota ta zo daga Muhandisin su biyu take ɗauka, Malam Abakar a gaba. Malam Hussaini ya koya masa ƙahon da ba a tsagawa, a shafa mai a kafa kawai, wannan hannu mai rawa ma yana iyawa. Ya kuma koyi ɗora yatsu uku. Sai ya kama hannun mutum ya rufe ido, su biyun suna ta karkarwa tare, can ya buɗe ya ce, "Sanyi ya yi maka yawa, ka rage koshari." Kowa haka yake gaya wa. Jiya ni ma ya gaya mini, ni da ban taɓa sa koshari, dafa-dukan Misirawan nan, a bakina ba.

Ni kuma tun daga ranar, in na idar da salla ina yi wa iyayena addu'a, sai in sa da kakan Malam Hussaini. An faɗa mini sunansa sau uku, harshena ya kasa, amma Allah Ya san wanda nake nufi, mai takardar nan. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mana ni da Bakano. Ƙwaryar tana nan, amma yanzu duk wanda ya zo aro sai ya nuna mini abin da zai wanke.

Ajiye alƙalamin haka, Mardiya, an kira la'asar. In kin sauka ƙasa ki karanta wa Malam Abakar, ki ɗaga murya a wurin nahawu.